Tsufan Aro: Rigar Indiana Jones da Fatar da Ake Tsufarwa da Gangan

A watan Yunin 1980, ana gobe za a fara ɗaukar fim ɗin Raiders of the Lost Ark a garin La Rochelle na ƙasar Faransa, wata mata ta zauna a bakin wurin ninƙaya na otal da sabuwar jaket ta fata a cinyarta, tana kankare ta da wuƙa. Sunanta Deborah Nadoolman, kuma ita ce mai tsara suturar 'yan wasan fim ɗin. Wuƙar kuwa 'yar ƙarama ce ta aljihu, ta aro ta daga wajen Harrison Ford, mutumin da aka ɗinka wa rigar. Ta haɗa da burushin waya ta bi ta lungu-lungu, har sai da rigar da ba ta taɓa ganin rana ba ta koma kamar wadda ta shekara goma tana shan ƙura. Ita da bakinta ta sha ba da wannan labari. Kuma ba riga ɗaya ba ce: fim irin wannan yana buƙatar riguna da yawa masu kama ɗaya, saboda masu shiga haɗari a madadin jarumi da kuma wuraren da riga za ta jiƙe ko ta yage, don haka duk tabon da aka yi wa ta farko sai an maimaita shi a kan sauran.

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma a ganina tana cikin ƙaryar da ta fi kowacce kyau a tarihin suturar fim. Abin da ya sa nake son a yi maganarta a mujallar adabi shi ne, tsufar da fata da gangan reshe ne na ƙagaggen labari. Wanda ya ɗauki sanfefa ya goga wa sabuwar jaka, rayuwa yake ƙirƙira mata, ya ce ta je wurare, an riƙe ta, an yar da ita, ruwa ya doke ta. To, tun da labari ne, ya halatta a auna shi da ma'aunin labari. Akwai mai kyau, akwai na ganganci, akwai kuma wanda marubucinsa bai san ko wane ne tauraronsa ba.

Kafin a je can, sai an san yadda fata take tsufa da kanta. Fata ba ta tsufa bai ɗaya. Inda ake lanƙwasa ta, kamar gwiwar hannun riga ko saman takalmi wajen yatsu, nan take karaya ta yi layi-layi. Inda take gogar wani abu, kamar bakin aljihu, gefen ɗinki da ƙasan jaka, nan launi yake koɗewa. Inda hannu yake yawan taɓawa kuma duhu take yi, ta yi sheƙi, domin maiƙon jikin mutum da gumi suna shiga cikinta, gogayya kuma tana kwantar da fuskarta. Rana tana nata aikin daban. Wato abubuwa biyu ne masu saɓani suke faruwa a lokaci guda, wani wuri yana haske, wani wuri yana duhu, kuma ɗabi'ar mai kayan ce take raba musu wuri. Wanda ya taɓa riƙe gafakar wani tsohon malami ya san abin da nake nufi. Wajen maratayi ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli, kusurwar da take gogar ƙugu ta koɗe, murfin ya karye a daidai inda babban yatsa yake ɗaga shi. Da za ka ƙura mata ido sosai, kana iya gane kafaɗar da yake rataya ta.

Irin jimar da aka yi wa fata ma tana da hannu a ciki. Jimar da ake yi da tsirrai, irin wadda majemanmu suke yi da 'ya'yan bagaruwa, ko wadda Turawa suka daɗe suna yi da ɓawon itatuwa, tana barin fata a buɗe: tana shan mai, tana shan ruwa, rana tana mayar da ita ja-ja mai duhu. Wannan ce irin fatar jan akuyar Sakkwato da ta riƙa ƙetara Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, kuma masu ɗaure littattafai a Ingila suka ɗauke ta da daraja saboda ƙarkonta. Jimar zamani kuwa da gishirin kuromiyam ake yin ta, hanyar da ta kafu a masana'antu bayan da Augustus Schultz ya yi mata rajista a Amurka a 1884. Tana da sauri ƙwarai, aikin makonni ya dawo na kwana ɗaya ko biyu, kuma mafi yawan fatar duniya a yau da ita ake jeme ta. Fatarta tana da taushi, tana riƙe launi, ba ta cika sauyawa ba. Idan kuma aka kankare fuskarta don a ɓoye tabon kaska da ƙaya, aka shafe ta da fenti da wani siririn rufi na roba, to wannan ba ta tsufa sam. Ɓarewa take yi, kamar yadda kowa ya gani a kujerun falo da belt ɗin kasuwa.

Mai tsufar da fata yana kwaikwayon waɗannan dalilai ne ɗaya bayan ɗaya. Sanfefa da burushin waya su ne shekarun gogayya. Sifirit, ko sinadarin nan da mata suke goge jan farce da shi, yana cire sheƙin masana'anta ya busar da fuskar fata, ya tsaya a matsayin rana da iska. Ana jiƙa ta a cukuikuye a bar ta ta bushe a haka don ta yi tamoji. Man takalmi mai duhu ko kakin zuma ana cusa shi a cikin ɗinki da lanƙwasa, sannan a goge saman, ya zama daudar hannu. Masu fim suna ƙarawa da garin wata ƙasa mai laushi a matsayin ƙurar hanya. A masana'anta kuwa zuba fatar ake yi a babban duro mai juyawa, wani lokaci tare da duwatsu marasa nauyi irin na goge kaushi, a bar injin ya yi ta buga ta. Kayan aikin kowa ya san su, ba wani asiri. Abin da ake rasa shi ne sanin inda za a sa hannu.

Nan ne Nadoolman ta yi fice. Ta san wanda zai sa rigar. Indiana Jones malamin jami'a ne, masanin kayan tarihin da ake tonowa daga ƙasa, wanda yake ajiye alli ya shiga daji neman abin da bai kamata ya taɓa ba, a shekarar 1936. Ku tuna yadda Steven Spielberg ya buɗe fim ɗin. Mintocin farko ba a nuna mana fuskarsa. Bayansa muke bi a cikin dajin Kudancin Amurka, malafa, kafaɗa, hannu, bulala a ƙugu. Sai da ya fyaɗe bindiga daga hannun wanda ya so ya ci amanarsa, sannan ya fito daga inuwa muka gan shi. Duk tsawon wannan lokaci rigar ce take magana a madadinsa, kuma abin da take cewa shi ne wannan ba zuwansa na farko ba ne. Da sabuwa ce fil tana walƙiya, da mun ɗauke shi ɗan yawon buɗe ido da ya biya kanti kafin ya hau jirgi, kuma da duk abin da ya yi a cikin kogon nan na tarkuna ya zama sa'a. Koɗewar rigar ce ta mayar da shi gwaninta. Marubuci zai ci shafi biyar yana ba da tarihin tauraro, ita kuwa ta gama da shi da wuƙar aljihu.

Sai kuma aka yanko mu zuwa aji, ga shi cikin kwat da tabarau, tsaf-tsaf, yana in-ina a gaban ɗalibai. Kaya biyu, mutum ɗaya, kuma mai kallo bai buƙaci a gaya masa wanne ne na ainihi ba. Kayan da suka tsufa su ne nasa, masu gugar kuwa kamar aro.

Akwai wani abin dariya a gefe. Jakar da yake ratayawa ba a ƙirƙire ta ba, tsohuwar jakar sojan Birtaniya ce ta zuba abin rufe fuska daga iskar guba, aka sauya mata maratayi da na fata. Irinta ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ce, wato ba ta ma wanzu ba a 1936. Kayan da ya fi kowanne tsufan gaske a jikinsa shi ne wanda ya saɓa wa tarihi, wanda aka yi wa ƙarya kuma shi ne ya zauna daidai. Ita kanta siffar mutumin aro ce: Nadoolman ba ta ɓoye cewa sun kalli Charlton Heston a fim ɗin Secret of the Incas na 1954 ba.

Ni aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma a fagenmu ma ana wannan sana'a, da lissafi. Duk wani sirdi, kube ko takalmin fata da ka gani a wasan bidiyo na zamani, an tsufar da shi ne da manhaja irin su Substance Painter, wadda kamfanin Adobe ya saye masu ita a 2019. Yadda take yi ba shi da wuyar fahimta. Tana auna siffar abin, ta gano wuraren da suka yi tsini ko kaifi, ta koɗe su, domin nan ne gogayya take fara ci. Ta gano lungunan da haske da iska ba sa kaiwa, ta zuba musu datti. Sannan ta yayyafa tabo barkatai don kada abin ya yi kama da aikin inji. Cikin daƙiƙa kaɗan ka samu jakar da ta yi shekara talatin. Amma ƙwararru a wannan aiki ba sa tsayawa nan, sai sun koma sun gyara da hannu, saboda manhajar siffa kawai ta sani. Ta san kusurwa huɗu na jaka, sai ta koɗe su daidai wa daida. Ba ta san cewa mai jakar bahago ne ba, ko kullum yana jingine ta a bango ta gefe ɗaya, ko akwai ɗan makulli da yake ajiyewa a aljihun gaba har ya fito da shatinsa. Haka yake idan muka ƙirƙiri bayanan bogi don gwada manhaja: wanda ya saba yana gane su da kallo ɗaya, saboda sun bazu daidai ko'ina. Bayanan mutane na gaske cunkushewa suke yi a wuri ɗaya su bar wani wuri fayau, domin ɗan Adam mai maimaita hali ne.

Da wannan idon nake kallon abin da ake sayarwa a kantuna, kuma mafi yawansa aikin manhaja ne ko da hannu aka yi shi. Kamfanin Golden Goose, wanda aka kafa a yankin Venice na Italiya a 2000, ya gina sunansa ne a kan takalman fata da suke fitowa daga kwali da datti da ƙarce. Suna alfahari da cewa da hannu ake yi, kowane ƙafa da irin tabonsa. Na yarda. Sai dai tabon wa? Takalmin da mutum ya sa shekara uku yana cinyewa ta gefen da yake taka ƙasa, dama da hagu ba sa zama ɗaya, karayar samansa tana bin tsawon yatsunsa. Na kanti kuwa an ba shi dattin kowa da kowa, wanda ba na kowa ba ne. Kamar littafin da aka cika shi da wahalhalu, mutuwa, saki, gobara, amma ka gama karantawa ba ka san halin wanda abin ya faɗa wa ba.

A 2018 kamfanin ya fitar da wani takalmi da aka manna wa salatif a baki, kamar wanda ya ɓare aka ɗaure, kantin Nordstrom na Amurka yana sayar da shi dala 530. Mutane suka yi ca, suka ce izgili ne ga talaka. Ba na jin sun yi kuskure. Tsohon kaya ado ne kawai ga wanda ba a taɓa zargin ba shi da kuɗin sabo. Mai karatun da ya taɓa tsugunawa gaban tulin gwanjo a Ƙofar Wambai yana zaɓen takalmin da ya fi ƙarancin alamar mai shi na farko, ya kai wa shushaina ya shafe sauran, ya san cewa koɗewa ba ta da daɗin sawa idan ba kai ka zaɓe ta ba. A can ana biyan kuɗi a ƙara tabo, a nan ana biya a rufe shi, kuma wani lokacin fatar daga tudu ɗaya ta fito.

Amma ko an ajiye maganar talauci gefe, akwai hasarar da take kan mai saye shi kansa, kuma ita ce ta fi damuna. Ƙarfin fata yana samanta ne, a wannan siririn ɓangare mai ramukan gashi inda zaruruwanta suka fi matsewa. Sanfefa shi take ci. Sifirit yana janye man da majemi ya sa mata, fatar da ta rasa mai kuwa tsagewa take yi. Ke nan shekarun da ake nuna maka a jikin rigar ba zane kawai ba ne, an cire su ne daga kwanakinta, ka biya kuɗin abin da aka rage maka. Mafi muni shi ne nau'in da ake zana tsufan da fenti, duhu a gefe haske a tsakiya, sannan a rufe da roba don kada ya goge. Wannan an kulle ta ke nan. Ka sa ta shekara biyar ba za ta ɗauki komai daga jikinka ba, tana nan da labarin da aka rubuta mata a masana'anta, har ranar da rufin zai fara ɓarewa. Littafi ne da aka cika shafukansa da rubutun wani, aka ce maka ga kundin ajiye sirrinka.

Ba zan ce duk wanda yake son fata mai kamar tsohuwa wawa ba ne. Sabuwar jaket mai kauri tana da wuyar sha'ani, tana tsaye ƙiƙam kamar kwali, tana ƙara idan ka motsa, kuma ba kowa yake da haƙurin shekara biyu kafin ta san jikinsa ba. Murza ta a duro don ta yi laushi ba laifi ba ne, dama can inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima. Rini ma ai dabara ce, jan da dukawa suke samu daga karan dafi ba da shi akuya ta zo duniya ba. Akwai kuma wata hanya da nake ganin ta fi duk sauran mutunci, wadda majema suke cusa wa fata mai da kaki har cikinta. Irin wannan idan ka lanƙwasa ta man yakan gudu daga wurin, launin ya yi haske, idan ka murza da yatsa ya dawo. Kamfanin Horween na Chicago, wanda yake jima tun 1905, ya yi suna da irinta. Haka kuma fatar da ake rina samanta baƙi a bar cikinta ruwan ƙasa, ta yadda duk inda ta gogu jan cikin zai leƙo. Waɗannan ba su rubuta maka komai ba. Sun dai sa fatar ta zama mai saurin ji, abin da za ta nuna a shekara biyar ta nuna shi a wata shida, kuma kai ne za ka yi shi. Tsakanin wannan da takalmin salatif akwai tafiya mai nisa, duk da cewa a kanti ɗaya ake jera su da suna ɗaya.

Mu ma masu manhaja mun taɓa faɗawa wannan rami. A wajajen 2011 kamfanin Apple ya yi wa kalandar kwamfutocinsa da wata manhajar neman abokai kwalliyar fata, har da zanen ɗinki, kalandar ma har da guntun takarda a sama kamar an yage shafin watan jiya. Fatar da ba ta san hannu ba, a bayan gilashi, ba ta duhu ba ta koɗewa, yau kamar gobe. A 2013 aka share ta gaba ɗaya, kuma ban ji wanda ya yi makokinta ba.

Marubutanmu za su gane kansu a wani wuri a nan, ko da ba su taɓa riƙe sanfefa ba. Sau nawa muke karanta labarin da aka kawo tsohuwa ko mutumin ƙauye, sai marubuci ya bi kowace jimla tasa ya shafa mata karin magana da kalmomin da ya tsinto a ƙamus, daidai wa daida, kamar manhajar nan mai koɗe kusurwa huɗu? Tsofaffin gaske ba haka suke magana ba. Kakar mutum tana da karin magana biyu ko uku da take maimaitawa har jikoki su haddace, tana da kalma ɗaya ta garinsu da ta ƙi barinta, sauran maganarta kuwa irin ta kowa ce, har da sunan kamfanin waya. Tsufanta a wurare ƙalilan ya taru, wuraren da rayuwa ta fi gogarta. Marubucin da ya san waɗannan wurare ba ya buƙatar ya tsufar da sauran.

Rigar Indiana Jones dai ta ci gaba da rayuwarta bayan fim. A 1989 Harrison Ford ya miƙa jaket da malafar tauraron ga gidan tarihi na Smithsonian a Washington, aka ajiye su cikin kayan tarihin Amurka. Peter Botwright, baduku ɗan Ingila da ya ɗinka rigunan fim ɗin, ya ci gaba da sayar da irinsu ga jama'a a ƙarƙashin sunan Wested Leather, kuma har yau ana saye. Wasu daga cikin masu sayen ba sa jiran ta tsufa a jikinsu. Sukan tsayar da fim ɗin a daidai inda haske ya faɗa kan kafaɗar Ford, su ƙara girman hoton, su ɗauko sanfefa da sifirit, su yi ta ƙoƙarin mayar da kowane ƙarce a gurbin da Nadoolman ta sa shi. Har gardama suke yi a kan wace riga ce aka sa a wurin da aka ja shi a ƙarƙashin mota, da wadda aka sa a cikin kogo, domin tabon bai zo ɗaya ba.